Yadda Ake Raba Da'ira Gida Biyar

A wannan wata mun ɗauko wani aiki ne da kowa zai ce mai sauƙi ne, har sai ya sa hannu, wato raba da'ira gida biyar daidai wa daida, ba da awon ido ba.

Siffa mai kusurwa biyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk uwargidan da ta taɓa yanka ɗanyar kuɓewa, wadda ake kira bamiya a nan, ta ga yawancinta gefe biyar ke gare ta. Furen yakuwar da ake samun karkade daga gare ta shi ma kunne biyar ne. Tauraron da ke tutar Maroko tun 1915, da na tutar maƙwabciyarmu Habasha tun 1996, duk daga wannan siffa aka fitar da su. Haka dukawa da maɗinkan hula da masu waldar ƙofa a Umdurman sukan so su sa tauraro mai tsini biyar a aikinsu, amma da yawa sukan koma ga mai shida.

Dalili kuwa shi ne, shida kyauta take zuwa. Idan ka zana da'ira da kamfas, wanda yaranmu suke kira barjal, ka bar bakinsa yadda yake ka bi gefen da'irar da shi, taku shida cif zai dawo da kai inda ka tashi. Biyar kuwa sai da dabara. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kima ba ta isa ba. Da'ira digiri 360 ce, rabon kowane gida 72. In ido ya ƙara digiri 2 kacal a gidaje huɗun farko, na biyar zai tashi da 64, sai tauraro ya fito a karkace, fata ko ƙarfe ya tafi a banza.

To ga yadda ake yi. Kayan aiki biyu ne, kamfas da rula, ita ma rular don jan miƙaƙƙen layi kawai, ba a duba lambobinta. Wanda ba shi da su, ƙusa biyu da zare da katako miƙaƙƙe sun wadatar a kan rairayin tsakar gida.

Da farko zana da'ira, ka ja layi ya ratsa cibiyarta daga gefe zuwa gefe. Mu kira bakin layin na dama Gabas, na hagu Yamma.

Na biyu, buɗe kamfas ya wuce rabin wannan layi. Kafa shi a Gabas ka ja baka sama da ƙasa, ka sake yin haka daga Yamma ba tare da ka taɓa buɗinsa ba. Haɗa wurare biyun da bakunan suka gitta juna. Wannan layi zai bi ta cibiya a tsaye, inda ya taɓa da'ira ta sama kuwa mu kira shi Arewa.

Na uku, da irin wannan dabara ta baka biyu, nemo tsakiyar tazarar da ke tsakanin cibiya da Gabas, ka sa ɗigo.

Na huɗu, kafa kamfas a kan wannan ɗigo, ka buɗe shi har ya kai Arewa, sa'an nan ka juyo da shi hagu ya sauko ya yanki layin farko, tsakanin cibiya da Yamma. Sa alama a nan.

Na biyar, kafa kamfas a Arewa ka buɗe shi zuwa wannan alama. Wannan buɗi shi ne abin da muke nema. Bi gefen da'ira da shi daga Arewa, taku biyar zai dawo da kai gida. Ka haɗa ɗigo da maƙwabcinsa, ka sami siffa mai kusurwa biyar. Ka riƙa tsallake ɗaya, ka sami tauraro.

Mai son ya gwada aikinsa, in daga cibiya zuwa gefe santimita 10 ne, buɗin mataki na huɗu zai zama 11.18, daga cibiya zuwa alama 6.18, takun ƙarshe kuma 11.76. Akwai ma gyara a kan ciniki, domin wannan 6.18 ita ce takun da ke raba da'irar gida goma.

Wannan hanya tana cikin littafin Almajisti na Batlimus, masanin taurari da ya zauna a Iskandariyya ta Masar wajen shekara ta 150 Miladiyya. Kafinsa da kimanin shekara 450, Iƙlidis ya kawo wata hanya mai ɗan tsawo a kashi na huɗu na littafinsa na handasa. Amma wanda ya fi kusa da bukatarmu shi ne Abul Wafa al-Buzjani, wanda aka haifa a 940, ya yi zamaninsa a Bagadaza. Ya zauna da masu sana'ar hannu, ya ga suna da gwaninta amma kima tana kai su ga kuskure, malaman lissafi kuma suna da hujja amma ba su saba da aiki ba, sai ya rubuta littafi musamman a kan abin da mai sana'a yake bukata na handasa. Mu ma muna da namu gadon, domin Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a Masar da rubutunsa a kan lissafin hatimi.

Kada wani ya ce to bari ya nemi ta bakwai. A 1796 Gauss, wani Bajamushe ɗan shekara 18, ya gano ana iya raba da'ira gida 17 da kamfas da rula, a 1837 kuma Wantzel, mutumin Faransa, ya tabbatar cewa bakwai da tara ba su rabuwa cif da waɗannan kaya biyu, ko wane ne gwanin.

Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba yaran Hartum da Umdurman da aji na lokaci mai tsawo, ya kuma tarwatsa masu sana'a da almajiransu. Ɗan da ya yi wannan zane da hannunsa, ya ga taku na biyar ya faɗo daidai a kan na farko, ya koyi cewa lissafi abu ne da mutum zai iya gwadawa ya tabbatar da kansa, kuma ya sami abin da zai ci abinci da shi a rumfar baduku ko ta maƙeri. Don haka muna kira ga iyaye da malaman allo da iyayen gidan sana'a, a ware yamma ɗaya a share ƙasa a kafa ƙusa, a bar yara mata da maza su yi da kansu. In bai rufe ba a karon farko, a duba ko zaren ya saki ko ƙusar ta goce, a sake.