Ra'ayinmu: Matasa Uku a Gidan Tsoho

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci banjo, hankalinmu yakan tafi ne ga Baturen ƙauyen Amurka mai malfa. Alhali kuwa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙago shi, da duma da fata da tsirkiya, watau dangin gurminmu ne. A ƙarni na 19 wasu Turawa suka riƙa shafa baƙi a fuska suna kaɗa shi don yi wa baƙar fata ba'a. Daga 1920 kuma kamfanonin faifai suka raba kasuwa gida biyu: bulus na baƙi, kiɗan karkara na farare. Sannu a hankali jikokin masu abin suka yar da shi don kunya.

A 2005 aka yi taron baƙaƙen makaɗa banjo a garin Boone, jihar Karolina ta Arewa. Daga wannan taro ne Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops. Ba wanda ya san da su a lokacin. Abin da ya ja hankalinmu shi ne inda suka nemi ilmin. Giddens ta yi karatun waƙar opera a jami'a, amma duk daren Alhamis sai su tafi Mebane, gidan wani tsoho mai goge, Joe Thompson, wanda aka haifa a 1918. Yana kiɗa suna bi, ba allo ba littafi. Faifansu na Genuine Negro Jig ya ci lambar Grammy a 2011. Tsohon ya rasu a 2012. Da sun yi jinkirin shekara bakwai, da sun tarar da kabari.

To, 'yan'uwa ɗalibai, mu fa? Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, kuma da wuya a sami ɗaya cikinmu da ya iya riƙe kuntigi. Muna rubuta kundin digiri a kan makaɗa, amma muna ganin ƙasƙanci ne mu zauna a tabarmarsu.

Muna kira ga kwamitin al'adu na ƙungiyarmu da ya rage kuɗin hayar lasifika a zangon nan, ya nemo wani dattijo mai gurmi ko garaya, a biya shi kamar yadda ake biyan malami, a ware masa yamma ɗaya kowane mako.