Fim Ɗin "The Witch": Inda Ya Faɗi Gaskiya Da Inda Ya Ɓata Rawarsa Da Tsalle

Tun da aka saki fim ɗin nan na Amurka mai suna "The Witch" a gidajen silima cikin watan Fabrairun 2016, jama'a suka kasu gida biyu a kansa. Masu sharhi a jaridu suka yi ta yabo, don kuwa tun a 2015 an riga an ba wanda ya shirya shi, Robert Eggers, lambar yabo ta iya ba da umarni a bikin finafinai na Sundance, alhali shi ne babban fim ɗinsa na farko. Su kuwa gama-garin 'yan kallo, da yawansu sun fito suna tsaki, wai an ce musu fim ɗin ban tsoro ne, sai ga shi yana tafiyar hawainiya, ba dodo mai faɗowa daga rufin ɗaki, ba guje-guje. Duk da haka fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 4 ya jawo sama da miliyan 40. Yanzu kuwa da waya ta zama silimar aljihu ya iso hannun samari a ko'ina, don haka ya zama wajibi a ɗora shi a kan ma'aunin adalci.

Labarin ya faru ne a yankin Sabuwar Ingila da ke arewa maso gabashin Amurka, wajajen shekarun 1630, zamanin da Kiristoci 'yan ɗariƙar Furitan suke ƙaurowa daga Ingila. Wani magidanci mai suna Wiliyam ya saɓa da shugabannin garinsu a kan fahimtar addini, aka kore shi. Ya kwashi matarsa Katrin da 'ya'yansu, wato budurwa Tomasin, da ƙanenta Kaleb, da wasu tagwaye, suka je bakin wani ƙungurmin daji suka kafa gona. A can aka haifi jariri Samuyel. Wata rana Tomasin tana yi masa wasa, ta rufe ido ta buɗe, sai ta ga wayam. Daga nan masifu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya: masara ta lalace, farauta ta ƙi, aka tatsi akuya sai jini. Kaleb ya ɓace a daji, ya dawo ba ya cikin hayyacinsa, ya rasu. Tagwayen suka ce Tomasin ce ta yi masa asiri, ita kuma ta ce ai su ne suke hira da baƙin bunsurun gidan.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa abin da Turawa suke nufi a nan ba daidai yake da mayyar da Bahaushe ya sani ba, wadda ake cewa ta gaji maita tana kama kurwa. Tasu matsafiya ce da ta ƙulla alkawari da Shaiɗan, ta sa hannu a littafinsa. Amma ta fuskar zargi da abin da yake haifarwa, duk kanwar ja ce.

Sanyin tafiyarsa ba aibi ba ne

Masu ƙorafin cewa fim ɗin ba ya sauri sun tuhume shi a inda ba shi da laifi. Tsawonsa kimanin awa ɗaya da rabi ne kawai, sai dai an saba wa matashin yau da finafinan da a kowane minti biyar sai an buga wata ƙara an razana shi, ya zabura, ya yi dariya, ya manta. Wannan irin tsoro ba ya kwana a zuciya. Shi kuwa Eggers sai ya zaunar da mai kallo a cikin gidan, ya ga yunwa tana shigowa, ya ga uwa tana kwana kuka, ya ga uba yana ta faskaren itace dare da rana saboda shi ne kaɗai aikin da bai gagare shi ba. Gida ba ya rushewa a rana ɗaya, kuma wanda yake son nuna rushewarsa da gaskiya dole ya bi a hankali.

Har ila yau an yi aikin da natsuwa. An ɗauki fim ɗin a wani daji na lardin Ontariyo a Kanada, galibi da hasken rana da na kyandir, aka gina gidan da irin ginin wancan zamani. Maganganun 'yan wasan kuwa, da yawansu an ciro su ne daga rubuce-rubucen mutanen ƙarni na 17 da takardun kotunansu. Wannan ya sa Turancin ya yi tsauri hatta ga Turawan kansu, amma ya sa mai kallo yana ganin yadda waɗancan mutane suke tunani ba tare da an mai da su abin dariya ba.

Wa ya rushe gidan Wiliyam?

A nan ne alherin fim ɗin yake. Duk wanda ya bi labarin da idon basira zai ga cewa kafin matsafiyar daji ta gama nata aikin, mutanen gidan sun riga sun yi mata fiye da rabi. Girman kai ne ya fitar da Wiliyam daga cikin jama'a, ya kai iyalinsa inda ba maƙwabci, ba mai ba da shawara, ba mai kawo ɗauki. Sannan ya ɗauki kofin azurfar matarsa a ɓoye ya musanya shi da tarkon farauta, ya yi shiru yana ji ana tuhumar 'yarsa da ɓatan kofin. Ita ma Tomasin, don ta tsorata ƙanwarta mai rashin ji, ta taɓa ce mata cikin wasa ai ita ce matsafiyar, ranar da aka shiga uku kuwa wannan wasa ya zama hujja a kanta. Baki shi ke yanka wuya. Uwa kuma baƙin ciki ya rufe mata ido, ta ɗora wa 'yar cikinta alhakin duk abin da ya faru. Da bango bai tsage ba, da ƙadangare bai sami wurin shiga ba.

Wannan ba ƙage ba ne. Kimanin shekaru 60 bayan zamanin da labarin ya nuna, a 1692, a garin Salem da ke wannan yanki, zargin da wasu 'yan mata suka fara ya kai ga rataye mutum 19, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya mutu, wasu suka mutu a kurkuku. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a bainar jama'a, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A Turai kuwa masana tarihi suna ƙiyasta cewa an kashe tsakanin mutum dubu 40 zuwa dubu 60 da wannan tuhuma, mafi yawansu mata.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne su kaɗai. A ƙasar Hausa ma sananne ne yadda yaro zai kwanta da zazzaɓi mai zafi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a taru a jawo ta, a ce sai ta tsallaka shi ta saki kurwarsa, ba shaida, ba alƙali, ba a ma kai yaron asibiti ba. Su wa ake turawa gaba da sanduna a irin wannan rana? Samari. Alhali kuwa Suratul Hujurati ta yi hani ga yawan zato, kuma shari'a ta ɗora wa mai tuhuma nauyin kawo hujja.

Gubar da ke ƙarshensa

To amma fim ɗin da ya iya nuna cuta haka, da ya zo wajen magani sai ya miƙa guba. Da farko, ya ba Shaiɗan ikon da bai da shi. Daga farko har ƙarshe mutanen gidan suna addu'a, suna azumi, suna kuka, amma ba a nuna ko sau ɗaya addu'a ta yi amfani ba, shi kuwa Shaiɗan duk abin da ya nufa sai ya auku. Musulmi bai musun samuwar sihiri, yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, amma aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta tabbatar da cewa ba ya cutar da kowa sai da izinin Allah, Suratun Nisa'i kuma ta siffanta makircin Shaiɗan da rauni. Matashin da ya kwana da hoton duniyar da sharri ne kaɗai ke amsa kira a cikinta, an shuka masa abin da ya fi tsoron duhu muni, wato ɗebe ƙauna daga rahamar Ubangiji.

Gaskiya ne wani ɓangare na wannan ƙunci daga aƙidar Furitan ya fito. An ga Kaleb yana tambayar ubansa ko jaririn da ya ɓace yana wuta, tunda an haife shi cikin zunubi kuma ba a yi masa baftisma ba, uban ya kasa ba shi amsa mai kwantar da hankali. Musulunci ya hutar da mabiyansa daga wannan, domin kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, kuma ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Sai dai fim ɗin bai nuna wata ƙofa ta uku ba. Ko dai addinin tsoro da ƙunci, ko kuma Shaiɗan.

Na biyu, ga yadda aka rufe labarin. Bayan bunsurun ya kashe uban, uwar ta far wa Tomasin za ta shaƙe ta, yarinyar ta kashe ta don kare kanta, ta rage ita kaɗai. Sai Shaiɗan ya yi mata magana ta bakin bunsurun, ya yi mata tayin man shanu da tufa mai kyau da ganin duniya. Ta sa hannu a littafinsa, ta shiga daji ta tarar da matsafa mata suna kewaye da wuta, ta tashi sama tana dariya. Wasu suna cewa ai wannan shi ne ƙololuwar abin takaici, an nuna ne don a ji tsoro. To in haka ne, me ya sa ƙungiyar nan ta Amurka mai suna The Satanic Temple ta fito fili a 2016 ta rungumi fim ɗin, har ta shirya nuna shi a wasu birane? Ko da 'yan ƙungiyar suna cewa su ba su yarda da samuwar Shaiɗan na haƙiƙa ba, sun karanta ƙarshen a matsayin 'yanci. Yarinyar da aka zalunta ta cancanci tausayi, amma nuna cewa mafitar wanda aka zalunta ita ce ya sayar da ransa, wannan zalunci ne na biyu.

Na uku, akwai tsiraici a fili a wurare da dama, akwai kuma abin da aka nuna an yi wa jaririn, wanda bai dace a bayyana shi a shafin jarida ba. Runtse ido umarni ne da bai da togaciyar cewa sai in fim ɗin ya sami lambar yabo. Daɗin daɗawa, da yake an nuna matsafiyar ƙarara tun cikin mintunan farko, mai kallo marar zurfin tunani zai iya tashi da akasin darasin, ya ce ashe dai masu farautar mayu suna da gaskiya.

A taƙaice, "The Witch" aiki ne na gwani, kuma sanyin tafiyarsa shi ne ƙarfinsa. Amma gwaninta ba ta halatta abin da ke ciki, kuma ɗan'uwa matashi bai yi asarar komai ba in ya bar shi, tunda darasinsa ga shi an zube a fili. Abin da ya rage gare shi shi ne ya riƙe azkar ɗinsa na safe da yamma, da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, kada ya ware kansa daga jama'a don ganin ya fi kowa sani. Ranar da kuma aka taso a unguwa ana ihun an kama mayya, ya zama shi ne mai tsayawa a ƙofar tsohuwar nan yana tambayar ina shaida, yana cewa a ɗauki marar lafiya a kai asibiti. Allah ya tsare al'umma daga sharrin Shaiɗan da sharrin mummunan zato, amin.