A Koyar da Ƙwayar Halitta Tare da Maƙwabtanta

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin ilmin halittu a makarantar sakandare ya san zanen nan da malam kan yi a kan allo: da'ira guda, da tantani kewaye da ita, da cibiya a tsakiya. Sai a ce masa wannan ita ce ƙwayar halittar dabba, ya kwafa, ya haddace sunayen sassanta. Zanen yana da amfaninsa, amma yana barin yaro da zaton cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, kamar gidan da aka kewaye da katanga babu mashiga. A ganina wannan giɓi ne babba a koyarwarmu, domin kuwa akasarin ƙwayoyin da ke cikin sassan jikinmu a haɗe suke da maƙwabtansu ta wasu ƙananan kafofi.

Wanda ya tashi a cikin tsohon gari ya san 'yar kafar da akan samu a jikin katanga tsakanin gida da gida, inda mata kan miƙa wa juna gishiri ko garwashin wuta ba sai an bi ta zaure ba. To, haka lamarin yake a cikin jiki. A inda ƙwayoyi biyu suka matso kusa, tazarar da ke tsakanin tantaninsu ba ta wuce nanomita 2 zuwa 4 ba, shi kuwa nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kowace ƙwaya tana jera furotin guda 6 da ake kira konekzin su zama kamar ɗan bututu, sai bututun wannan ya haɗu da na waccan, hanya ta buɗe. Ƙananan abubuwa kamar sukari, da sinadarai masu ɗauke da cajin lantarki irin su fotashiyam da kalshiyam, suna ratsawa kai tsaye. Manyan abubuwa kuwa, kamar furotin da kayan gado, ba sa iya wucewa, don haka kowace ƙwaya tana riƙe da sirrin ɗakinta. Bari mu kira su kafofin maƙwabta.

Ba jiya aka gano su ba. A 1959 Edwin Furshpan da David Potter suka nuna cewa lantarki na ƙetarawa kai tsaye tsakanin wasu jijiyoyin wani nau'in jatan lande na ruwan daɗi. A 1967 Jean-Paul Revel da Morris Karnovsky, a Jami'ar Harvard ta Amurka, suka ga tsarin kafofin ƙarara a zuciya da hantar ɓera. Yau an san ɗan Adam yana da nau'o'in konekzin 21.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne ruwan ɗan sakandare da wannan? Sai in ce masa ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini guda, kuma kowane bugu yana buƙatar ɗimbin ƙwayoyin tsoka su matse kusan a tare. Saƙon lantarki yana tasowa daga wani ɗan gungu na ƙwayoyi a saman zuciya ta dama, ya bi ta kafofin maƙwabta daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Idan kafofin suka lalace, bugun na iya rikicewa har ya kai ga halaka. Haka kuma mahaifa: gab da naƙuda adadin kafofin da ke tsokarta yana ƙaruwa ƙwarai, abin da ke sa ta matse da ƙarfi baki ɗaya. Ga kuma madubin da ke cikin ido, wanda ba shi da hanyoyin jini. Ta kafofin nan ƙwayoyinsa na ciki ke samun abinci, kuma tangarɗa a cikinsu na iya sa a haifi yaro da yanar ido. Abin sha'awa, idan ƙwaya ɗaya ta ji rauni, kafofin kan rufe don kada ɓarnar ta shafi na kusa da ita.

Babbar hujjata, duk da haka, tana cikin kunne. A 1997 aka tabbatar cewa canji a ƙwayar gadon da ke sarrafa konekzin 26 yana jawo kurumta tun daga haihuwa, kuma a 1998 aka ba da rahoton wani irin wannan canji a ƙauyen Adamorobe na ƙasar Gana, wanda ya yi suna saboda yawan kurame. Galibi sai yaro ya gaji canjin daga uwa da uba duka kafin ya kurumce. Iyayen na iya kasancewa masu ji garau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ba kowace kurumta ce ta gado ba, sanƙarau da ƙyanda ma suna jawo ta. Amma ɗalibin da ya fahimci wannan bayani ba zai yarda a ɗora wa uwa ita kaɗai laifin haihuwar kurma ba, ko a ce wani abu ta taka tana da ciki.

Na san wasu malamai za su ce manhaja ta riga ta yi yawa, ga ƙarancin kayan aiki, ga jarrabawa na tafe. Gaskiya ne madubin ƙara girma na makaranta ba zai nuna waɗannan kafofi ba. Sai dai ai muna koyar da ƙwayar zarra ba tare da wani ɗalibi ya taɓa ganinta ba. Abin da ake buƙata shi ne alli da minti goma. Malam ya zana ƙwayoyi biyu kafaɗa da kafaɗa, ya buɗe kafa a tsakaninsu, ya sa yara su ƙirga bugun jini a wuyan hannunsu, sannan ya tambaye su yadda aka yi ƙwayoyi masu yawa haka suka yi aiki a tare.

Ina kira ga malamai da marubuta littattafan kimiyya, musamman masu rubutu da Hausa, da su shigar da wannan darasi tun daga babin farko na ƙwayar halitta. Ku kuma ɗalibai, duk ranar da aka zana muku ƙwaya ita kaɗai a kan allo, ku ɗaga hannu cikin ladabi ku tambayi malam ina maƙwabtanta.