Shin da Gaske "Boko" Daga "Book" Ta Fito?

Ni Hausa ba a nono na sha ta ba. Harshen Angas muke yi a gida, Hausa kuwa a layukan Anguwan Rogo na tsince ta, kafin in zo jami'a in mayar da ita fagen nazarina. Wataƙila shi ya sa nake yawan tsayawa a kan kalmomin da 'yan gado ke wucewa ba su waiwaya ba. Yau ina so mu tattauna a kan kalmar Ingilishi "book", da zumuncin da ake ƙulla mata da kalmarmu "boko".

A Ingilishi ma'anarta ta farko ita ce littafi. A tsohon Ingilishi "boc" ake cewa, kuma 'yar uwar "Buch" ce ta Jamusanci. Masana da yawa suna danganta ta da sunan wata bishiya ta ƙasashen Turai, "beech", bisa zaton a kan itacenta aka riƙa zana haruffa a da. Daga baya kalmar ta zama aikatau: wanda ya kama kujera a mota tun kafin ranar tafiya ya yi "booking", haka ɗan ƙwallon da alƙalin wasa ya ɗaga wa katin gargaɗi a filin Rwang Pam, don an shigar da sunansa a littafi. A Turancin buroka da muke ji a kasuwar Taminus kuwa, "book" ilimi ne gaba ɗaya. Idan aka ce wane ya "sabi book", ana nufin ya yi karatu mai zurfi.

Ina ganin nan ne ruɗanin ya samu gindin zama. "Book" karatu, "boko" karatu, ga kuma kamar lafazi. Ni kaina a shekarata ta farko na rubuta a aikin jinga cewa "boko" aro ce daga Ingilishi, aka ba ni maki, na yi ta murna. Da na faɗi haka a teburin mai shayi, sai wani dattijon unguwarmu ya yi dariya ya ce, "Yaro, to amaryar boko fa, ita ma Turawa suka kawo ta?" Na ce, "Baba, ban taɓa jin ta ba." Ya bayyana mini cewa ita ce amaryar ƙarya da ake rakawa a bainar jama'a, alhali ta gaskiyar an bi da ita ta wata hanya zuwa ɗakinta.

Bayan na koma ɗakin karatu sai na tarar dattijon nan ya fi ni hujja ta fuska uku. Ta farko, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo "boko" da ma'anonin yaudara, algus da yin abu don ganin ido. Har yau muna cewa "biri-boko" ga abin da ke da ƙyalli ba ƙwari. Ta biyu ita ce tsarin sauti. Kalmar "cook", wadda ke da wasali iri ɗaya da "book", ta shigo Hausa a matsayin "kuku", "wool" kuma ta zama "ulu". Da an ari "book", "buku" za mu ji, kamar yadda ake ji a Swahili. Ta uku, Bahaushe yana da "littafi" tun da daɗewa, wadda ya aro daga "alkitab" ta Larabci, kuma ba mai cewa "miƙo mini bokon nan" yana nufin littafi. Farfesa Paul Newman ya tattara irin waɗannan hujjoji a wata maƙala a 2013, inda ya nuna cewa "boko" Bahaushiyar kalma ce tun asali.

To yaya aka yi ta koma sunan karatu? Lokacin da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya tarar da al'umma mai malamai da ajami. A idonsu sabon karatun nan jabu ne, sai suka raɗa masa sunan da ya dace da ra'ayinsu. Ashe kalmar tana ɗauke da tarihin yadda mutane suka karɓi mulkin mallaka. Wanda ya ce daga "book" ta fito ya shafe wannan tarihi, ya kuma mayar da Bahaushe mai kwaikwayon lafazi kawai.

Lamarin ya wuce gardamar aji. Daga 2009, da sunan Boko Haram ya cika kafafen yaɗa labarai na duniya, jaridu da yawa na ƙetare sun yi ta maimaita wannan kuskure, har ya koma kamar gaskiya. Mu ne za mu fita mu zama malamai, 'yan jarida da masu fassara. Idan muka ɗauki kuskuren muka shiga aji da shi, yara arba'in ko hamsin za su haddace shi a zama ɗaya.

Wani zai ce, in haka ne sai mu yar da kalmar, tunda asalinta zagi ne. Ban yarda ba. Asalin kalma daban, ma'anarta ta yau daban. Baturen da ya ce "book" ba ya tuna wata bishiya. Da rubutun boko aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da shi kuma nake rubuta muku wannan. Kalmar ta riga ta wanke kanta.

Shawarata ita ce, duk lokacin da kalmomi biyu suka yi kama, mu tuna cewa kama da wane ba ta wane. Mu duba tsofaffin ƙamusoshi, mu gwada tsarin sauti, sannan mu tambayi tsofaffin unguwa. A nan zan dasa aya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.