Harsuna biyu a tashar rediyo ɗaya: ya kamata ASECNA ta sake duba lamarin

Wajen ƙarfe uku na daren 25 ga watan Mayu na 2000, jirage biyu na jiran tashi a filin jirgin sama na Charles de Gaulle da ke Paris. Ɗaya MD-83 ne na kamfanin Air Liberté, ɗauke da ƴan kallon ƙwallo da za su koma Madrid. Ɗayan ƙaramin jirgin kaya ne na wani kamfanin Ingila. Jami'in hasumiya ya ba MD-83 izinin tashi da Faransanci, sannan ya juya ga jirgin kayan da Ingilishi, ya ce ya hau titi ya jira, shi ne na biyu. A zatonsa jirgin kayan na bayan babban jirgin, alhali yana gaba, a bakin wata mashiga da ke tsakiyar titin. Matuƙan Ingila ba su fahimci cewa an riga an sallami wani jirgi a kan titin da suke hawa ba. Fiffiken MD-83 ya tsaga ɗakin matuƙan jirgin kayan, mataimakin matuƙi ya mutu nan take.

Kuskuren farko na hasumiya ne, babu gardama. Amma hukumar BEA mai binciken haɗurran jirage a Faransa ta lissafa amfani da harsuna biyu cikin abubuwan da suka taimaka wa haɗarin. Da an yi maganar da harshen da kowa ke ji, mai yiwuwa matuƙin jirgin kayan ya taka birki.

Tsarin da ya ba da wannan kafa a Paris shi ne ake aiki da shi a sararin samaniyar ƙasashen ASECNA, hukumar da aka kafa a 1959 wadda ke kula da zirga-zirgar jirage a Nijar da maƙwabtanta masu amfani da Faransanci. Matuƙin da ya kira da Faransanci a amsa masa da Faransanci, wanda ya kira da Ingilishi a amsa masa da Ingilishi. Doka ba ta hana ba, don ƙa'idar OACI, hukumar jiragen sama ta duniya, ta yarda da harshen ƙasa muddin akwai Ingilishi ga mai buƙata. Sai dai abin da doka ta halatta ba lallai ne ya zama mafi aminci ba. Duk wanda ya taso daga Istanbul ko Addis Ababa zai sauka filin Diori Hamani na Yamai, yana iya kasancewa cikin jirgin da matuƙinsa ba ya jin rabin abin da ake faɗa kewaye da shi.

Mutane da yawa na ɗaukar rediyon jirgi kamar wayar salula, mutum biyu na magana su kaɗai. Ba haka yake ba. Tasha ɗaya ce, duk jiragen da ke yankin na saurare, kuma matuƙi na zana taswirar sama a kansa daga abin da ake gaya wa wasu: wane ke gabansa, wane aka ce ya sauko, wane aka ba titi. Idan jami'in hasumiya ya yi tuntuɓe, sau da yawa wani matuƙi na gefe ne ke cewa a dakata. Da zarar an sauya harshe, an toshe wa wannan mai gyaran kunne.

Ingilishi shi kaɗai kuma ba magani ba ne, kada a ruɗi kai. A tsibirin Tenerife, ranar 27 ga watan Maris na 1977, da Ingilishi aka yi maganar da ta kai jiragen Boeing 747 biyu, na KLM da na Pan Am, ga taho-mu-gama cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Wata jimla mai harshen damo daga matuƙin KLM, sai “OK” daga hasumiya, sai mutum biyu suka danna rediyo lokaci guda, ƙara ta cinye umarnin a jira. Tun daga nan aka keɓe kalmar tashi, ba a furta ta sai wajen ba da izini ko soke shi. A filin Haneda na Tokyo ma, ranar 2 ga watan Janairu na 2024, an gaya wa ƙaramin jirgin masu tsaron gaɓar teku ya je ya tsaya a bakin titi, shi ne na ɗaya. Ya hau titin, jirgin Japan Airlines mai sauka ya afka masa. Mutum 5 suka mutu a ƙaramin jirgin, dukkan 379 da ke cikin babban suka tsira. “Na biyu” a Paris, “na ɗaya” a Tokyo. Idan ƴar kalma irin wannan na iya kisa a inda harshe ɗaya ne, ina ga inda aka ƙara wani a kai?

Masu kare tsarin harsuna biyu na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa in tashin hankali ya zo, injin ya kama wuta ko mai ya kusa ƙarewa, mutum ya fi saurin bayani da harshen da ya tashi da shi. A Kanada, rikicin Faransanci a sararin Quebec ya kai ga matuƙa sun dakatar da aiki a 1976, kuma kwamitin binciken da aka kafa ya yanke cewa ana iya aiki da harsuna biyu cikin aminci. A Faransa, kamfanin Air France ya umarci matuƙansa su koma Ingilishi a Charles de Gaulle a farkon shekarar 2000, aka yi ca a kansa da sunan kare martabar Faransanci, ya janye. Makonni kaɗan bayan haka aka yi haɗarin da aka ambata a sama.

To amma hujjar Quebec da Paris hujjar harshen uwa ce. Matashin da ya fito daga Maraɗi ko Dosso ya shiga makarantar EAMAC ta Yamai, inda ASECNA ke horar da jami'an hasumiya na ƙasashe da dama, bai sha Faransanci a nono ba. A aji ya koye shi, kamar yadda zai koyi Ingilishi. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tunda duka biyun kayan aiki ne, babu wata martaba da za ta zube idan aka zaɓi wanda matuƙin Habasha da na Turkiyya da na Maroko duk suke ji.

Ba a ce a yi shi dare ɗaya ba. Ƙananan filaye da jiragen cikin gida na iya ci gaba yadda suke. Inda ya kamata a fara shi ne hasumiyar Yamai da manyan hanyoyin sama da jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka ke ratsawa cikin dare: idan akwai jirgi ko da ɗaya a tasha wanda ba ya jin Faransanci, kowa ya koma Ingilishi. Wannan na buƙatar kuɗin horo. OACI ta gindaya mataki na 4 cikin 6 a matsayin mafi ƙarancin ƙwarewar Ingilishi ga matuƙa da jami'an hasumiya, tare da shawarar a sake jarraba mai wannan mataki duk shekara uku. Mataki na 4 ya isa aikin yau da kullum. Ranar da abubuwa suka cakuɗe, wanda ke da 5 ya fi shi kwanciyar hankali.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan ANAC, hukumar jiragen sama ta Nijar. A Amurka, idan jirage biyu suka kusa gogar juna, kamar yadda ya faru a New York da Austin a farkon 2023, hukumar NTSB kan fitar da rahoto kowa ya karanta, har da abin da aka faɗa a rediyo. Ya dace ANAC ta riƙa wallafa irin wannan duk shekara: sau nawa jirage suka matso juna fiye da ƙa'ida a sararin Nijar, sau nawa aka hau titi ba izini, kuma a cikinsu nawa ne aka yi magana da harsuna biyu.