Makonni uku a hannun alƙalan aro

A daren Litinin, 24 ga Satumba 2012, saura daƙiƙa 8 a tashi wasa a birnin Seattle na Amurka, ƙungiyar Green Bay Packers na gaba da maki 12, masu masaukinta Seattle Seahawks na da 7. Wasan shi ne wanda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali da hannu ake yin yawancinsa, ɗan'uwan zari-ruga ne. Russell Wilson, matashin da ya shigo gasar NFL a shekarar, ya cilla ƙwallo daga nesa zuwa gidan Packers, irin jifan nan na a ci ko a rasa. Ɗan wasan Seattle Golden Tate ya ture mai tsaronsa Sam Shields da hannu biyu har ya faɗi. M.D. Jennings na Packers ya yi tsalle ya cafe ƙwallon ya rungume ta a ƙirji, Tate kuma ya cusa hannu, suka zube tare.

Alƙalai biyu suka rugo suka tsaya a kansu. Ɗaya, Lance Easley, ya ɗaga hannuwansa sama, alamar Seattle ta ci. Ɗayan, da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi, ya kaɗa nasa hannuwan, alamar a tsayar da agogo. Hoton mutanen nan biyu, kowa da nasa hukuncin a kan abu guda, shi ne ya zagaye Amurka kafin gari ya waye. An duba bidiyo, an tabbatar da cin, aka tashi 14 da 12.

Waɗannan alƙalai ba su ne masu aikin ba. Tun watan Yuni hukumar NFL ta rufe wa alƙalanta na dindindin, su 121, ƙofar aiki, saboda an kasa daidaitawa kan sabuwar yarjejeniya. Babban abin da ya raba su shi ne fansho. Hukumar na son ta soke tsarin da ke tabbatar wa alƙali wani adadi bayan ritaya, ta mayar da su asusun adashi wanda ribarsa ta dogara da kasuwa. Akwai kuma batun albashi, da batun ɗaukar ƙarin alƙalai da za a iya sauya wanda ya gaza da su. Kuɗin da ake jayayya a kansu 'yan miliyoyin daloli ne a shekara, a gasar da ke samun kimanin dala biliyan 9. Da aka rasa alƙalan manyan gasannin jami'o'i, sai aka kwaso na ƙananan kwalejoji da makarantun sakandare, aka ɗan yi musu bita, aka miƙa musu usur. Su suka hukunta wasanni 48 na makonni ukun farko na kakar.

Fushin da ya cika ƙasa

Tun kafin daren Seattle 'yan kallo ke gunaguni. A makon farko an ba Seattle hutun shawara fiye da adadin da doka ta yarda. A mako na biyu sai da aka janye wani alƙali daga wasan New Orleans Saints ana dab da farawa, bayan an ga hotunansa a Facebook sanye da rigar ƙungiyar. A mako na uku an bar kocin San Francisco ya ƙalubalanci hukunci sau biyu bayan damarsa ta ƙare. A daren Lahadi, 23 ga Satumba, 'yan kallo a Baltimore suka haɗa baki suna rera ashar ga alƙalai har ana ji ƙarara a talabijin, bayan wasan kuma kocin New England Patriots, Bill Belichick, ya cafko hannun wani alƙali yana neman bayani, abin da ya jawo masa tarar dala 50,000.

Abin da ya biyo bayan daren Litinin ya fi duk waɗannan. Wani sanatan majalisar jihar Wisconsin, jihar Packers, ya wallafa lambar wayar ofishin kwamishinan NFL Roger Goodell a Twitter, aka ruwaito cewa saƙonnin murya kusan 70,000 suka shiga ofishin. 'Yan wasan Packers suka fito suna zagin hukumar a fili, ba tare da tsoron tara ba. Saura makonni shida a yi zaɓen shugaban ƙasa, amma Barack Obama da abokin takararsa Mitt Romney, waɗanda da wuya bakinsu ya zo ɗaya, duka suka nemi a dawo da ƙwararrun alƙalai. Mafi ban mamaki shi ne gwamnan Wisconsin Scott Walker, wanda ya yi suna a 2011 da dokar da ta karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan gwamnati. Shi ma sai ga shi yana kira a dawo da 'yan ƙungiyar ƙwadagon alƙalai bakin aiki.

Kashegari hukumar ta fitar da sanarwa. Ta amsa cewa turin da Tate ya yi laifi ne, kuma da an hura shi da wasan ya ƙare Packers na da nasara. Duk da haka ta goyi bayan ƙin soke cin, ta ce sakamakon ya zauna. Doka ta ce idan 'yan wasa biyu suka kama ƙwallo lokaci guda, ta masu kai hari ce, sai dai idan ɗaya ya riga ya mallake ta kafin ɗayan ya sa hannu. Yawancin waɗanda suka kalli bidiyon sun ga Jennings ne ya riga.

Shin fushin ya dace?

Akwai masu ganin cewa hayaniyar ta wuce kima, wasa ne kawai, kuma alƙalan dindindin ma suna kuskure. Maganarsu ta biyu gaskiya ce, ba a daɗe ba ma aka ga shaida. Kwana shida bayan daren Seattle, a filin Lambeau na Packers, ƙwararrun alƙalan da suka dawo suka kasa ganin ƙwallon da ta suɓuce wa ɗan wasan Saints Darren Sproles, 'yan kallo suka yi musu ihu. A Janairun 2019 kuma ƙwararru ne suka kau da kai daga laifin da kowa ya gani a wasan Saints da Los Angeles Rams, wasan da ke kai mai nasara Super Bowl.

Sai dai kuskure iri biyu ne, kuma 'yan kallo sun bambance su ko da ba su iya faɗa da baki ba. Akwai kuskuren ido, inda mutum ya san doka sarai amma abu ya faru cikin ƙiftawar ido bai gani ba. Wannan duk mai kallon wasanni ya saba da shi, yana zagi ya haƙura. Akwai kuma kuskuren rashin sanin aiki: ƙirga hutu ba daidai ba, auna yadin hukunci daga inda bai kamata ba, tsayawa mintoci ana shawara kan abin da ƙwararre zai yanke nan take. Wannan na biyun ke kashe yarda, domin mai kallo ya daina sanin ko dokar da aka bi a wannan fili ita za a bi a wancan. 'Yan wasa ma sun shinshino raunin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: riƙe-riƙe da ture-ture bayan busa suka yawaita, koci-koci suka koma tsoratar da alƙalai daga gefen fili. A wasan da manyan ƙarti ke karo da juna da gudu, alƙalin da ba a shakkarsa haɗari ne ga lafiyar 'yan wasa, kuma ƙungiyar 'yan wasan ta rubuta wa masu kulob-kulob takarda tana faɗin haka kafin daren Seattle.

Abin da gasar ƙwararru ke sayarwa shi ne tabbacin cewa sakamakon da aka gani a allo halastacce ne. Wanda ya sayi tikiti, ko ya ba da sa'o'i uku na darensa, a kan wannan alkawari ya bayar. A lokacin kowace ƙungiya wasa 16 kacal take bugawa a kaka, saboda haka wasa ɗaya na da nauyi. Packers sun gama kakar da nasara 11 da rashin nasara 5, San Francisco kuma da nasara 11, rashin nasara 4 da canjaras 1. Da an ba Packers wasan Seattle, da su suka samu hutun zagayen farko na wasannin sili-ɗaya-ƙwale, da kuma damar karɓar baƙunci. A maimakon haka su suka yi tattaki zuwa San Francisco, aka fitar da su da ci 45 da 31. Ba wanda zai rantse cewa da a gida aka buga da sun yi nasara, amma an ƙwace musu damar da suka yi wa aiki. Fushin magoya baya, a kan wannan ma'auni, yana da hujja.

An bar jaki ana dukan taiki

Inda wasu suka kauce hanya shi ne wurin zaɓen wanda za a sauke wa fushin. Lance Easley ma'aikacin banki ne daga Kalifoniya, wanda ya saba hukunta wasannin sakandare da ƙananan kwalejoji. An yi ta kiran wayarsa ana zagi, har da barazanar kisa, daga baya kuma ya bayyana cewa abin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa sosai. Ana iya cewa ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma shiga gurbin mutanen da ke gwagwarmayar haƙƙinsu. Amma ba shi ya rufe ƙofa a watan Yuni ba, ba shi ya yi lissafin cewa za a iya maye gurbin gogewar shekaru da bitar 'yan makonni ba. Masu kulob 32 da kwamishinan da ke yi musu aiki su suka yanke wannan shawara, suna zaune a ɗakunan gilashi a saman fili, wanda aka turo gaban kyamara kuma shi ya sha jifa. Saƙonni 70,000 da suka tafi ofishin Goodell sun je inda ya dace. Waɗanda suka tafi gidan Easley zalunci ne, komai zafin da mai aikawa ya ji.

Lissafin masu kulob ɗin ma ba na wauta ba ne, kuma nan ne darasin ya fi ɗaci. Tsohon ɗan wasa Steve Young ya faɗa a tashar ESPN tun a mako na biyu cewa hukumar ba ta damu ba, domin ta san jama'a za su kalla ko wane ne ke riƙe da usur. Haka kuwa aka yi. Filaye ba su rame ba, masu kallon talabijin ba su ragu ba. Makonni uku 'yan kallo na zagi da baki suna biya da aljihu, kuma mai kasuwa aljihu yake saurare. Abin da ya sauya a daren Litinin shi ne kuskuren ya faɗo a wasa ɗaya tilo da ake bugawa a daren, a gaban ƙasa baki ɗaya, a bugun ƙarshe, ya kuma juya sakamako kai tsaye. Masu lura da harkar caca sun ƙiyasta cewa sama da dala miliyan 150 suka sauya hannu saboda wannan hukunci. Daga nan maganar ta tashi daga ƙorafin magoya baya ta zama tambaya kan ko sakamakon NFL abin dogaro ne. Wannan tambaya ce kaɗai biliyoyin gasar ba za su iya ɗauka ba.

A daren Laraba, 26 ga Satumba, kwana biyu bayan wasan, aka cimma yarjejeniyar shekara 8. An bar wa alƙalan da ke kan aiki tsohon tsarin fansho zuwa ƙarshen kakar 2016, matsakaicin albashi kuma zai tashi daga dala 149,000 a 2011 zuwa 205,000 a 2019. Hukumar ita ma ta samu wani abu, domin daga baya an koma tsarin adashin da take so, kuma an ba ta damar ɗaukar wasu alƙalai aikin cikakken lokaci. Abin da aka kasa warwarewa cikin watanni uku ya warware cikin sa'o'i 48, kuma Goodell ya ba magoya baya haƙuri. Daren Alhamis a Baltimore, a filin da aka yi ashar kwana huɗu da suka wuce, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafa wa alƙali Gene Steratore da tawagarsa tun kafin a fara wasa.

Wannan tafi shi ne abin da ya fi cancanta a riƙe daga labarin. Alƙalin wasa na cikin ma'aikatan da ba a lura da su sai ranar da suka yi kuskure, don haka mai riƙe da littafin kuɗi kan ɗauka aikinsu kowa ma zai iya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma masu gasanni na saurin mantawa. A farkon kakar 2024 gasar ƙwallon ƙafa ta MLS, a Amurkar dai, ta buɗe da alƙalan aro bayan an hana na dindindin aiki, har ma aka janye wani daga wasan Inter Miami saboda an ga hotonsa sanye da rigar ƙungiyar, kamar dai abin da ya faru da Saints shekaru 12 baya. Duk lokacin da haka ta sake faruwa, magoya baya na da zaɓi biyu da 2012 ta nuna: su zagi mutumin da ke cikin fili, wanda ba shi da ikon sauya komai, ko su kai kukansu ofishin da aka sa hannu a kan shawarar, su kuma nuna cewa tikiti da sa'o'in kallonsu na iya tafiya tare da kukan.