A Sa Malaman Wucin Gadi Cikin Yarjejeniya

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega zai ratsa Boɗinga da Shagari, garuruwa biyu masu tsohon tarihi a sha'anin malanta. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya riƙe alli tun kafin ya riƙe ƙasa. 'Ya'yan waɗannan garuruwa suna neman ilmi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, wadda aka kafa a 2009. Saboda haka ya kamata iyaye su san ko su wane ne ke karantar da 'ya'yansu, da kuma sharuɗɗan da suke aiki a kai.

Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don binciken bukatun jami'o'in gwamnati ya bayyana a 2012 cewa daga cikin malamai 37,504, kashi ɗaya cikin huɗu ba na dindindin ba ne, watau malaman ziyara ne, da na kwantiragi, da masu hutun nazari, da masu zuwa su yi lacca su tafi. Da bazarsu sababbin jami'o'i ke rawa, domin babu jami'ar da za ta tara farfesoshinta rana ɗaya.

To, ina matsayinsu in an zauna shawara? Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta yi rawar gani. A zamanin Shagari, a 1981, aka naɗa hukumar Cookey don duba albashin ma'aikatan jami'a. Yarjejeniyar 1992, lokacin shugabancin Attahiru Jega, ita ta haifar da asusun harajin ilmi wanda ya zama TETFund. Amma ƙarfin waɗannan yarjejeniyoyi, har da ta 2009, yana kan mai aikin dindindin ne: albashi, da alawus, da shekarun ritaya. Malamin ziyara yana da jami'arsa ta asali da zai koma. Wanda aka ɗauka na shekara guda, ko ake biya bisa yawan laccarsa, ba shi da madogara sai alƙalamin magatakarda.

An ga illar haka a 2020, sa'ad da aka shigar da jami'o'in tarayya tsarin biyan albashi na IPPIS. Ƙungiyar ta koka cewa tsarin bai tanadi irin waɗannan malamai ba, sai a Disamba 2023 gwamnati ta amince a fitar da jami'o'i daga cikinsa.

Wasu za su ce aljihun gwamnati ba zai ɗauka ba. Ba muna cewa a mai da kowa ma'aikacin dindindin ba ne. Abu uku muke nema. Na ɗaya, a ba kowane malami takardar ɗauka mai bayyana wa'adi da lada. Na biyu, a biya shi kafin ƙarshen zangon karatu, har da kuɗin mota da na duba takardun jarrabawa. Na uku, wanda ya cancanta kuma ya daɗe yana hidima, a fara duba shi in gurbi ya samu.

Da yake yarjejeniyar Abuja ba ta ɗaure gwamnatin jiha sai ta amince, muna kira ga reshen ƙungiyar a jami'o'in Jihar Sakkwato da majalisun gudanarwarsu su rubuta waɗannan sharuɗɗa a gida, su kuma ba malaman wucin gadi wakili a zaman. In hakkin malami ya makara, sakamakon jarrabawa ma yakan makara, ɗalibin da ubansa ya sayar da gero a kasuwar Shagari don biya masa kuɗin rajista kuwa shi ke kwana ciki.